Matar Keji Da Matuƙin Jirginta

Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna cewa in yi haƙuri, wai kishi alamar so ne, ku matso kusa. Yau zan zayyana muku yadda aka yi tun daga tushe. In na gama, duk wadda har yanzu take ganin so ne, ta yi magana in ba ta lambar wayarsa kyauta, in haɗa mata da addu'a.

Saboda waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce ƙaramar gidanmu, kuma Auta kowa yake kirana, har a wurin aiki. Shagonmu yana saman bene, tsakanin mai ɗinkin labule da mai sayar da tabarau. Ba canza fuskar waya muke yi ba, ko da yake Gwaggo, yayar Baba, ta rantse hakan ne, kuma haka take gaya wa duniya. Aikinmu feɗe manhaja. Mutum ko kamfani zai kawo mana manhajar da bai yarda da ita ba, mu buɗe cikinta mu ga abin da take aikatawa a ɓoye, ban da wanda take faɗa a fili.

Shi kuma wanda gidanmu suke so in aura, Mai Tayal muke ce masa, don tayal na shimfiɗa wa ƙasan ɗaki yake sayarwa. Gwaggo ce ta kawo shi. Dogo ne, ba laifi, kullum cikin farar riga mai guga kamar za ta yanki hannu, ga turaren da yake riga shi shiga ɗaki. Yana da wata ɗabi'a: duk falon da ya shiga sai ya ƙwanƙwasa ƙasa da diddigen takalmi, ya karkata kai yana saurare, wai yana jin inda aka bar rami a ƙarƙashi. Ranar farko dariya abin ya ba ni. Da na san halin mutumin ne gaba ɗaya yake nuna mini, da ban yi dariya ba.

Mama kuwa ta mutu a kansa. Ta yi wa ƙanwarta ƙorafin ciwon gwiwa a waya, washegari sai ga shi da man shafawa. Fankar ɗakinta ta fara kuka, ba ta ko gaya wa Baba ba, sai ga mai gyara a ƙofa, wai Mai Tayal ne ya turo shi.

"Auta, yaron nan Allah ya ba shi basira," in ji Mama. "Kafin ki buɗe baki ya san damuwarki. Me kike jira kuma? Sa'anninki duk suna ɗakunansu."

"Mama, ban ce ba na so ba. Na ce a ba ni lokaci."

"Lokaci! Lokacin ne zai riƙe miki jariri?"

Wata safiya ina gaban madubi ina ɗaura mayafi, doguwar rigata ruwan toka a jikina, wadda nake sawa saboda ba ta nuna ƙura, sai wayata ta yi ƙara.

"Gimbiyata, na sa an ƙera miki manhaja ke kaɗai a duniya. Kullum da safe za ta buɗe miki fure ɗaya da kalma ɗaya daga zuciyata. Ki sa yanzu."

Ga fayil a ƙasa, da hoton jan fure.

Na rubuta: "Na gode. Wa ya ƙera?"

"Wani yarona. Ke dai ki sa. In ta tambaye ki izini ki danna eh, eh, eh, ba wani abu ba ne."

Jama'a, ni! Ni za a ce wa in danna eh, eh, eh! Kamar ka miƙa wa likita ƙwaya ba takarda ka ce ya haɗiye ya rufe ido. Amma ban zarge shi ba a lokacin, wallahi. Na ɗauka wani ɗan damfara ne ya sayar masa da shirme. Na rubuta masa "to", na sa takalmi na fita.

Maigidan shagonmu tsoho ne mai furfura har a gira, Injiniya muke kiransa. Yana da tulun gilashi cike da matattun wayoyi a kan taga, wai idan rana ta haska su suna yi masa kama da kifaye. Shi ya koya mini aiki, kuma dokarsa ɗaya ce: komai a keji.

Bari in yi muku bayanin kejin a taƙaice, don da shi labarin yake tafiya. Manhajar da muke feɗe sauran manhajoji da ita, wuƙa muke ce mata. To ita kanta wuƙar ba a sake take ba. Injiniya ya saita uwar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta yadda wuƙar ba ta ganin komai sai ɗaki ɗaya da aka ware mata. Ba ta isa ta leƙa hotunanmu ba, ba ta isa ta taɓa kyamara ba, ba ta isa ta fita intanet ba. Dalili kuwa, akwai mugayen fayiloli da ake ɗana wa tarko, kana buɗe su sai su hau kan wuƙar, su bi ta jikinta su shiga kwamfutarka. In wuƙar a kulle take, tarkon ya faɗa ɗakin da babu komai.

Na jefa furen Mai Tayal a ciki, na sa masa wuƙa.

Ban kai ga shan rabin shayina ba allo ya cika da jan rubutu. An nemi fita daga ɗaki, an hana. An nemi leƙa ajiyar kwamfuta, an hana. An sake nema, an hana.

Injiniya ya leƙo ta kafaɗata, ya gyara tabarau. "Wannan furen yana cizo. Wa ya kawo?"

"Mai son aurena."

Ya ja kujera ya zauna. "Ci gaba, 'yata."

Na ci gaba da ɓare shi. Furen gaske ne, akwai shi, har da kalmomin soyayya da aka kwaso ko daga ina. Amma a bayansa akwai hannuwa. Ɗaya na kwashe saƙonni, ɗaya na kwashe hotuna, ɗaya na bin sawun inda wayar take, ɗaya kuma na buɗe makirufo a asirce ya naɗi duk abin da ake faɗa a ɗaki. Duka ana tura su wuri ɗaya. Kuma a cikin saitin, inda ake rubuta wanda za a kai wa rahoto, ga lambar wayarsa a zaune. Lambar da na haddace. Lambar da na ajiye da ɗan hoton zuciya a gefe, don Mama ta daina yi mini gori.

Na dubi wayata da ke kan tebur. Ina sa waya a gefen gado in na kwanta. Ina shiga da ita banɗaki in saurari labarai. Ina canza kaya tana kan madubi. Wannan mutumin da yake gaishe da Baba a durƙushe, so yake ya zauna a aljihuna yana saurarena kamar ƙasan falo.

"Zan sa shi a wayar Matar Keji," na ce. "Kuma zan buɗe ƙofar waje."

Injiniya ya ɗago. "Auta."

"Layin gwaji zan bi, ba abin da zai taɓa shago."

"Ba shago nake ji ba. Abin da ya fita daga keji ba ya dawowa. Je ki gaya wa iyayenki tukuna."

"In gaya musu me? In nuna wa Mama jan rubutu a allo? Gwaggo za ta ce na ƙirƙira ne don ba na son aure. Bari ya faɗa da bakinsa."

Ya daɗe yana kallon tulun wayoyinsa. Sannan ya ce, "Ɗakinki ne." Ya tashi.

Wace ce Matar Keji? Ga ta. Bayan feɗewa, mukan kunna manhaja a cikin wayar ƙarya da ke cikin kejin, don mu ga aikinta da ido. To mugayen manhajoji suna da wayo. In suka shiga waya suka tarar ba saƙo, ba hoto, ba kowa, sai su gane gwaji ne su lafe kamar matattu. Dole wayar ta yi kama da ta mai rai. Da can Injiniya sunaye yake zubawa irin su gwaji na ɗaya, gwaji na biyu, ba wanda yake ruɗuwa. Da na zo na ce ya bar mini. Duk yammacin da ba aiki sai in zauna ina gina mata rayuwa. Na ba ta ƙawaye, na ba ta mai ɗinki da ke ɓata mata lokaci, na ba ta kunkuru da take kiwo a baho. Hotunanta duk na gajimare ne da takalma da kunkurun. Kuma na ba ta masoyi, matuƙin jirgin ruwa, wanda ba ya dawowa sai jefi-jefi.

Ni nake rubuta nata, ni nake rubuta nasa. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na sa zuciyata a ciki. Abin da nake so wani namiji ya faɗa mini, wanda ba wanda ya taɓa faɗa, shi na riƙa sa wa matuƙin a baki. Ba don kowa ya karanta ba. Don ɓarayin manhaja ne, su kuwa ba su da ido.

Saura abu biyu. Wayar keji ba ta san inda take ba, don haka in aka tambaye ta, tsakiyar teku take nunawa a taswira. Makirufonta kuma ba ya jin ɗaki, wani sauti ne da Injiniya ya naɗa yake maimaitawa: famfon bayan shago yana zuba a bokiti.

Na sa furen a wayarta. Na danna eh, eh, eh, yadda ya ce. Na buɗe ƙofa.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayata ta gaske: "Kin sa?"

"Na sa."

"Kin kyauta, Gimbiya."

Washegari bai ce Gimbiya ba. "Kina ina?"

"Wurin aiki."

"Kin tabbata?"

Bayan nan saƙonni suka riƙa zuwa guntu-guntu. "Kina son ruwa ne?" "Kin taɓa kiwon wata dabba?" "Hmm." Ni kuwa ina amsawa da ladabi, ina cizon leɓe. Na ɗauka zai zo ya tuhume ni ni kaɗai, a ƙofar gida, in wanke shi tas ya tafi. A nan na yi gajeren tunani. Ban san mutumin ba.

Ranar da abin ya fashe na dawo da la'asar a gajiye, jakar kwamfuta a kafaɗa. Tun daga ƙofa na ga takalma: nasa mai sheƙi, da silifas ɗin Gwaggo masu ruwan zinariya. Na yi sallama. Ba wanda ya amsa da ƙarfi.

Baba yana kan kujerarsa ta kusa da taga, tabarau a hanci, kofin shayi a gefe bai taɓa ba. Mama a ƙasa kan darduma ta yi tagumi, idonta jawur. Gwaggo ta baje a doguwar kujera, mayafinta ya zame, tana fifita da wasu takardu. Mai Tayal yana tsugune gefen Baba, kai a sunkuye, kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Ga ta nan," in ji Gwaggo. "Sannu da zuwa, matar matuƙi. Ya teku?"

Ya buga saƙonnin a takarda, jama'a. Ya kawo wa mahaifina.

"Zauna," in ji Baba.

Na zauna a bakin darduma. Gwaggo ta gyara murya, ta ɗaga takarda nesa da ido, ta fara karantawa da wata siririyar murya ta iyayi.

"'Ba sai kin yi magana ba, in kin gaji ki zauna kusa da ni mu yi shiru tare.' Ayyo! 'Na ga wani gajimare yau mai kama da gefen fuskarki in kina tunani.' Kai! Saurari abin da ta mayar masa: 'Na ciyar da kunkurunmu, yana ta kallon ƙofa.' Kunkurunmu! Ɗan'uwana, har kunkuru sun haɗa! Mu muna nan muna neman mata mutunci, ita tana can tana kiwon kunkuru da ƙato!"

Kun taɓa jin an tuɓe ku a tsakar kasuwa? Haka na ji. Ba ƙarya aka yi mini ba, da ya fi sauƙi. Abin da na ɓoye a can ƙasan raina, wanda ko ƙawata ban taɓa gaya wa ba, shi ake karantawa da muryar wasa a gaban ubana. Na dubi Mai Tayal. Ya ɗago ido ɗaya ya kalle ni ya mayar.

"Auta." Muryar Baba a sanyaye. "Ke kika rubuta wannan?"

"Ni na rubuta, Baba."

Mama ta saki kuka. "Innalillahi! Auta, me na rage ki da shi?"

"Ai ni tun da na ji salon na san nata ne," in ji Gwaggo. "Tun tana ƙarama haka take, ta zauna tana magana da gajimare."

Mai Tayal ya share idon da ba hawaye. "Baba, ni ban zo don in tona mata asiri ba. Ina sonta a haka. Zan rufa mata. Sai dai a gaggauta, kuma ta bar wannan aikin, don a can take samun sakewa."

Kun ji? Kun ji inda aka nufa? Ya sa ni a kwana, ya zo da mayafin rufin asiri, in shiga gidansa kai a ƙasa ina gode masa har in mutu. Wallahi a lokacin kukan da ya taso mini ya koma, wani abu mai sanyi da kaifi ya maye gurbinsa.

"Baba, ka ba ni izini in yi masa tambaya."

Baba ya gyaɗa kai.

"Malam, yaushe nake zuwa wurin matuƙin nan?"

Ya zaro wata takarda da sauri, har da murmushin nasara. "Ga taswira. Duk kwanakin nan wayarki tana kan ruwa, dare da rana. Kuma na ji da kunnena, ruwa yana zuba ba tsayawa."

"Dare da rana. Mama, jiya a ina na kwana?"

Mama ta ɗago. "A ɗakina mana, kin shafa mini gwiwa."

"Shekaranjiya fa?"

"Nan... ai kullum kina gida kafin magariba."

"Baba, dubi taswirar. Daga nan zuwa wannan ɗigon, ko jirgin sama ne zai kai ni ya dawo da ni kafin magariba?"

Baba ya karɓi takardar, ya matso da ita kusa da tabarau, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Shuɗi ne kawai ko'ina, da jan ɗigo a tsakiya.

"To ta ba shi wayar ya tafi da ita!" in ji Gwaggo.

Na ɗaga wayata. "Ga ta, Gwaggo. Ko jiƙewa ba ta yi ba." Na juya gare shi. "Tambaya ta biyu, Malam. A ina ka samu saƙonnin?"

Ya kawar da kai.

"Wani ne... wani mai kishina ya turo."

"Madalla." Na zuge jaka na fito da kwamfutar aiki, don ina iya shiga kejin daga nesa. Na ɗora ta a kan teburin tsakiya, na juya allon ya kalli Baba. Na yi masa bayani a gajarce: ga wayar ƙarya, ga matar da na ƙirƙira don aiki, ga matuƙin da bai taɓa shan iska ba, ga furen da aka aiko mini da abin da ke bayansa. Na kunna masa sautin famfo. Baba ya saurara, ya ce, "Wannan ai bokiti ne."

"Bokiti ne, Baba. Shuɗi, mai tsagaggen baki, yana bayan shagonmu."

"Surutu!" in ji Gwaggo. "Yaran zamani da kwamfuta ai ko aljani sai su nuna maka."

"To Baba, faɗi magana ɗaya, duk wadda ka ga dama. Zan rubuta ta a bakin matuƙi. Ni ba zan tura wa kowa ba. Mu ga inda za ta fito."

Baba ya dubi kofinsa. "Rubuta: shayina ya huce."

Na rubuta. Na danna. Na naɗe hannu.

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga shi: zzz, zzz, daga aljihun farar riga.

Mai Tayal ya dafe aljihun kamar kunama ta harbe shi.

"Ciro," in ji Baba.

"Baba, abokin ciniki ne..."

"Ciro ka karanta mana. Da ƙarfi, yadda yayata ta karanta na 'yata."

Ya ciro. Ya duba. Baba ya miƙa hannu ya karɓa, ya karanta da kansa, ya ajiye wayar a kan tebur a hankali, kusa da shayin.

Kuna tsammani ya ji kunya? Tashi ya yi tsaye ya gyara riga.

"To na sa. Laifi ne? Baba, ni ko tayal zan saya sai na ƙwanƙwasa na ji ko akwai rami. Balle matar da zan ajiye a gidana."

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ni tayal ce? Ni tayal ce da za ka taka ka saurara? Ka zo gidanmu aka ba ka wurin zama, uwata ta kira ka ɗa, ka aiko mini da ɓarawo a naɗe cikin fure! Da na sa a wayata fa? Da yanzu kana da muryata ina barci, kana da hotona ina canza kaya! Ka tambaye ni mana! Bakina ciwo yake? Kuma da ka ga abin da ka ɗauka laifi ne, ba ka zo wurina ba, sai ka buga a takarda ka kawo a yi mini dariya, don in shiga gidanka a durƙushe. Wallahi matuƙin da babu shi ya fi ka mutunci. Kunkurun ma ya fi ka!"

"Ke Auta, a gaban ubanki!" Gwaggo ta daka tsawa. Sai kuma ta sassauta murya, ta juya ga Baba. "Ɗan'uwana, ai abin farin ciki ne. An bincika an ga ba kowa, yarinya tsaf take. Namiji ne, kishi ya ɗebe shi. Sai a yafe a wuce wurin."

Na dubi Mama, ita ce nake jira. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce a hankali:

"Auta, ya yi kuskure babba, ban goyi bayansa ba. Amma ki duba, yaron nan mai kula ne. Wa ya san da gwiwata in ba shi ba? Wa ya san da fankata? Mutumin da yake jin damuwar mutum tun kafin..."

Ciyu-ciyu. Ciyu-ciyu.

Kukan ɗan tsako, daga wayar Mama da ke kan darduma. Na saba jinsa kullum lokacin shan maganinta, na ɗauka ƙararrawar waya ce kawai. Ban taɓa tambaya ba. Ni mai feɗe na mutane, ban taɓa duba ta uwata ba.

"Mama," na ce, "wa ya sa miki wannan manhajar?"

"Shi mana. Tun farkon zuwansa. Ya ce za ta riƙa tuna mini da magani. Ya karɓa ya danna..."

Ta tsaya. Na ga maganar tana sauka a fuskarta sannu a hankali. Ta dubi gwiwarta. Ta ɗaga kai ta dubi ƙofar ɗakinta, inda fankar take. Sannan ta dubi wayar kamar maciji ne ya naɗe a kan darduma.

"Basira," ta ce, can ƙasa. "Ni ina ta cewa basira."

Ta ɗauki wayar da yatsa biyu, ta miƙo mini. Kafin ta iso hannuna, Mai Tayal, wanda ya riga ya kai bakin ƙofa yana zura takalmi, ya juyo. Ladabin nan duk ya wanke daga fuskarsa.

"Mama, kafin ki ba ta, ki tuna hirar da kike yi da ƙanwarki in Baba ya fita. Ni dai ban gaya wa kowa ba. Tukuna."

Hannun Mama ya tsaya a iska. Gwaggo ta daina fifita. Baba ya cire tabarau.

Na ɗauka za ta janye. Wallahi na ɗauka za ta janye ta ce a yi sulhu, in zama kuɗin rufe bakinsa. Sai ta kama tafin hannuna, ta danna wayar a ciki, ta rufe yatsuna a kai da nata.

"Feɗe ta," ta ce. Ta juya gare shi, da wata murya da ban taɓa ji a bakinta ba. "Kai kuma fita mini daga gida. 'Yata ba ta aurenka ko kai kaɗai ka rage. Je ka faɗa wa duk wanda ka ga dama."

Ya fita. Ko ƙasa bai ƙwanƙwasa ba.

Gwaggo ta tattara silifas ta bi bayansa tana mita. Baba ya tattara takardun nan ɗaya bayan ɗaya, bai sake kallon rubutun ba, ya ninke ya miƙo mini. "Naki ne," ya ce. "Ba wanda ya isa ya karanta." Sannan ya juya ya dubi Mama, ya daɗe yana dubanta.

"Wace hira ce?"

Mama ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Yanzu da nake rubuta muku, ina shago. Wayar Mama tana gabana a kashe, cikin akwatin ƙarfen da ba ya barin saƙo ya shiga ko ya fita. Injiniya ya share mata ɗaki a keji, wuƙa tana jira. In na feɗe ta zan san duk abin da mutumin nan ya kwasa, kuma da shi za mu kai ƙararsa. Amma ba yadda za a yi in san abin da ya ji ban ji shi ni ma ba.

Da safe da zan fito, Mama ta riƙe mini jaka a bakin ƙofa, idonta a kumbure. Ta ce, "Auta, in kin kai wurin da nake yi wa ƙanwata maganar shekarar da aka haife ki, ki tsaya. Ki dawo gida in gaya miki da bakina."